Outlier da Hausa: shazzi, saniyar ware ko zakka?

Jama'ar mu ɗalibai da ke nan Saudiyya, a zo a kashe maganar nan ta sunan da za a ba outlier da Hausa, wato lambar da ta yi wa 'yan uwanta nisa a cikin bayanan da aka tattara. Misali ma'aikata goma, tara na ɗaukar riyal 2,000 ɗaya na ɗaukar 40,000, kana haɗawa ka raba sai matsakaicin ya tashi 5,800 alhali babu mai karɓar haka a cikinsu.

Malamanmu na Jami'ar Madina sun ce shazzi, tunda Larabawa ma kima shazza ko mutaɗarrifa suke cewa, kuma kunnen Bahaushe ya saba da ita a karatun hadisi. Allah ya ƙara wa malamai lafiya, amma ni fa a nan nake da ja. Hadisi shazzi shi ne wanda amintacce ya saɓa wa waɗanda suka fi shi, kuma hukuncinsa a ajiye shi gefe, to ɗalibi na jin shazzi hannunsa zai tafi kan delete, wanda kuma shi ne babbar ɓarnar da ake yi a wannan fanni wlh.

An kuma kawo saniyar ware da bare. Saniyar ware ma haka, an riga an yanke mata hukunci. Bare kuma kamar ba 'yar gidan ba ce.

Don ba kowace outlier ake gogewa ba. In ka ga shekarun alhaji 450 a fom, ka san 45 ne yatsa ya zame, ka koma takardar asali ka gyara. Amma zafin da aka auna a Makka lokacin hajjin 2024, digiri 51.8, gaskiya ne ba kuskuren na'ura ba, in ka cire shi don teburinka ya yi kyau ai ka cire ainihin labarin kenan. Irin wannan barinta ake, sai a koma amfani da lambar tsakiya (wadda ta faɗo a tsakiya in an jera lambobin daga ƙarama zuwa babba) maimakon matsakaici, a misalin albashin can 2,000 za ta ba ka, ko a yi lissafin sau biyu da ita da babu ita a nuna duka.

Gano ta ma ba da ido kawai ba ne. John Tukey a littafinsa na 1977 ya kawo zanen akwati mai nuna yadda lambobi suka bazu: ka jera lambobin ka raba su kashi huɗu, ka auna tazarar da ke tsakanin rubu'i na farko da na uku ka ninka da 1.5, ka ƙara sakamakon a kan rubu'i na uku ka kuma debe shi daga na farko, duk abin da ya tsallake wannan katangar sama ko ƙasa sai a sa masa alama. Alama fa, ba kora ba.

Shi ya sa na tsaya kan ta wata 'yar uwa daga Jidda: fita zakka. Muna cewa wane ya fita zakka a gidansu, ko a kirki ko a tsiya, kalmar ba ta ɗauki ɓangare ba. Lamba mai fita zakka, jam'i masu fita zakka. Wani ya ce za a rikita da zakkar dukiya, anya? Ba wanda ke jin yaro ya fita zakka ya tambayi nisabi. In ba gyara ni da ita zan rubuta a bayanin darasin gobe.