Shingen ƙarfe a wajen wasa: kariya ce ko wariya?

Nura: Jama'a, jiya na je wasan Sallah na dawo rai a ɓace. Na biya kuɗina cif, aka tara mu bayan shingen ƙarfe kamar shanu, masu babban tikiti suna can gaba a kan kujeru. Duk wanda ya ce shingen nan na tsaro ne, yaudarar kansa yake. An kafa shi ne don kada talaka ya gogi rigar mai kuɗi.

Injiniya Sabo: Ƙanena, bi a hankali. Shingen iri biyu ne. Akwai marar nauyi na jera layi, wanda yaro ma zai ture. Na gaban dandamali kuwa yana da faffaɗan ƙarfe a ƙasa da 'yan kallo ke takawa, nauyinsu ne ke riƙe shi kada ya kife. Ta bayansa akwai matakala, nan masu tsaro ke hawa su zaro wanda numfashinsa ya sarƙe. A bikin kiɗe-kiɗe na Roskilde a ƙasar Denmak, mutum 9 suka mutu a gaban dandamali a 2000. Bayan nan ne suka koma raba 'yan kallo kashi-kashi da shinge, don turin na baya ya daina isa ga na gaba.

Jauro: Ni dai tsaya, Nura. Me shanu suka yi maka? Ka taɓa jin sun tattake juna saboda mawaƙi?

Modu: To, Bafillace ya ji an taɓa dangi!

Jauro: Kai Babarbare, ka bari manya su yi magana.

Nura: Ba da kai nake ba, Jauro, misali ne.

Maman Hanan: Misalin ne bai yi ba. Har da ƙanwata a wurin, ita ma saniya ce ke nan? Ka janye.

Nura: Anti, ai kaina na fara sawa a ciki.

Maman Hanan: Ka sa kanka kai kaɗai.

Abba Kofa: Injiniya, shingen da kake yabo fa shi ya ci mutum 97 a filin ƙwallo na Hillsborough da ke Ingila a 1989, magoya bayan Liverpool. An matse su a jikin waya.

Injiniya Sabo: Waccan katanga ce doguwa, an yi ta don hana mutane shiga fili, kuma aka tura jama'a fiye da kima cikinta. Ba ɗaya ba ne. Ko a Landan a Disambar 2022, wajen wasan mawaƙi Asake, mutum 2 da suka rasu a turmutsutsun ƙofar shiga ne, ba gaban dandamali ba.

Modu: Abba, kai ko zancen tuwo ake sai ka sako Liverpool.

Abba Kofa: Rasuwa nake faɗa, ba ƙwallo ba. Ka iya bakinka.

Malam Isa: Ni tambayata, me ya kai ku wurin tun farko?

Nura: Malam, ba wa'azi na nema ba.

Jauro: Har yanzu bai janye ba fa.

Nura: Na janye shanun. Sauran maganata tana nan daram, kuma ba wanda ya amsa ta.

Hajiya Admin: To, ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda shinge dole ne, Injiniya ya kawo hujja, Nura kuma ya amsa laifinsa. Ni da nake ba da hayar kujeru da rumfuna na san wahalar shirya taro, ba wanda ke kafa ƙarfe don wulaƙanci. Mai son zama gaba ya ƙara kuɗi. An rufe.

Nura: Hajiya, yaushe kowa ya yarda?