Wa ya taɓa zama a gungu? Ina neman shawara kafin in ɗaura kaya

Baban Sadik, Kado: Assalamu alaikum jama'a. Shekara shida ke nan ina sayar da banda a kasuwar kifi ta Kado, nan Abuja, kuma kifin sai ya bi ta hannu uku kafin ya iso gare ni. Mai kawo mini kaya daga Yawuri ya ce in bi shi wani gungu a cikin tafkin Kainji, in yi wata uku ina saye daga hannun masunta, ana yi mini banda a can. Uwargida ta ce ba da yawunta ba. Ni kuwa ban taɓa kwana inda ruwa ya zagaye ni ba, ko iyo ban iya ba. Wanda ya taɓa zama irin wurin nan ya faɗa mini gaskiya, mai daɗi da mara daɗi.

Alhaji na Dei-Dei: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban zauna Kainji ba, tafkin Chadi na zauna, amma ruwa ruwa ne. Mu can tumbu muke cewa. Na yi shekara tara a Darak, har lokacin da Najeriya ta miƙa garin ga Kamaru a ƙarshen 2003, bayan hukuncin kotun duniya na 2002. Da Bahaushe da Babarbare da Buduma da mutanen Mali duk wuri guda, naira na tafiya, sefa na tafiya. Mu tara banda a kwali, jirgi ya kai Doron Baga, daga nan Maiduguri, manyan motoci su kwasa zuwa Anacha.

Abin da nake so ka gane shi ne, kifin da za ka gani a bakin ruwa yawancinsa an riga an saye shi tun bai fito daga ruwa ba. Masunci ba ya da kuɗin taru ko na inji. Akwai uban gidansa da ya ba shi bashin koma da ƙugiya, har da buhun gero na cefane, da sharaɗin duk abin da ya kama nasa ne a farashin da suka yi. Kai baƙo ka zo da kuɗi a aljihu ka ƙara masa ɗari biyu, zai so ya sayar maka, amma gobe in injinsa ya mutu wa zai gyara masa? Na ga waɗanda suka zo da zafinsu, suka yi sati uku ba su cika kwali biyar ba. Sai ka sauka wajen fatoma, wato mai masaukin 'yan kasuwa, ka gaida Sarkin Ruwa da goronka, ka yarda a ci da kai kaɗan kafin kai ma ka ci. Baƙo idonsa manya ne amma ba ya ganin gari.

Maganar tsaro a Chadi kuwa, kada ma a tayar. Tun harin da Boko Haram ta kai Baga a Janairun 2015 ban sake marmarin komawa ba, kuma waɗanda suka koma kamun kifi a wasu tumbunan sai sun biya masu bindiga haraji.

Maman Ilham, Kubwa: Yaya Baban Sadik, ni a gungu aka haife ni, kusa da Yawuri. Kakata Bagungiya ce, tana cikin mutanen da aka tayar lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da garuruwa da yawa. Har ta rasu tana nuna mana tsakiyar ruwa tana cewa can ne gonar babanta.

Zaman da daɗi, kada a tsorata ka. Ba mu san kulle ƙofa ba, don ɓarawon akuya ina zai bi da ita? Kowa ya san kwale-kwalen kowa. Kifi kuwa sai da na zo Abuja na san ana yanka tarwaɗa gida huɗu a sayar. In ruwa ya janye a noma albasa da shinkafa a inda ya bari, mata su yi ta shanyar ƙananan kifin nan warangi a kan tabarma.

Amma komai naka yana hannun mai jirgi. Gishiri, man gyaɗa, maganin zazzaɓi, duk sai ranar kasuwa. Yayata naƙuda ta zo mata da gardama wajen ƙarfe ɗaya na dare, ga iska ta taso, mai inji ya ce ko nawa za a ba shi ba zai shiga ruwa ba. Muka zauna muna kallon ta har asuba. Allah ya tashi kafaɗarta, jaririn dai bai zo da rai ba. Ban taɓa ganin laifin mai jirgin ba, da ya yarda wataƙila da mu shida muka tafi. Matarka ba ƙyashi take yi ba, ka saurare ta.

Malam Ɗanjuma, ma'aikacin lafiya, Zuba: Allah ya jiƙan yaron, Hajiya. Na yi aikin rigakafin shan inna a gungunan wajen Ngaski. Ka tafi da gidan sauro biyu, ɗaya zai yage. Kada ka yi wanka a bakin gaɓa inda ruwa ya kwanta, nan tsargiya take, yara da yawa na gani suna fitsarin jini iyayensu na ɗauka alamar girma ce. Ruwan sha ka tafasa, ko da masu gida za su yi maka dariya. Ni sun yi mini, na shanye.

Auwalu mai POS, Nyanya: Ni wata biyu na yi, kuma a mugun lokaci na je, farkon 2023 da ake wahalar takardun naira. Sabis sai ka hau wani tudu kusa da masallaci, ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Masunci kuwa bai san tiransifa ba, a hannu yake so. Na ga an ba da kwandon karfasa an karɓi kwanon gari da sabulu. Cajin waya wajen mai sola ne, kuma in hadari ya yini sai haƙuri.

Ka yi lissafin mai sosai, Oga. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kuɗin jirgi ya tashi, kuma man da ake sayarwa a jarka a gungu ya fi na gidan mai tsada. Ga itacen banda, shi ma daga tudu ake kawo shi a jirgi. In bandar ba ta bushe da kyau ba, kafin ka iso Kwantagora ƙwari sun fara rabonsu. Ribar da kake hangowa daga Kado, rabinta a nan take narkewa.

Abu Hanifa, Mararaba: Duk kun kauce wa babbar magana. Yankin nan fa ba lafiya ba. A Birnin Yawuri aka kwashe ɗalibai a watan Yunin 2021. Mutum da iyali ya ɗauki jari ya nufi can?

Maman Ilham, Kubwa: Malam Abu Hanifa, gaskiya ka faɗa, amma a tudu aka yi wannan. Mutanenmu da yawa in an kawo hari ƙauyukan bakin ruwa, gungu suke gudowa, don babur ba ya tafiya a kan ruwa. Hanyar mota daga nan zuwa can ita ce abin addu'a, kada ya yi tafiyar dare. A cikin ruwa kuwa abin tsoro daban ne: dorina mai ɗa, da kututturan itatuwan da tafkin ya shanye, suna nan tsaye a ƙarƙashi. In ruwa ya ja baya jirgi ya hau kan ɗaya, sai ya tsage.

Baba Sarkawa, Jabi: 'Yar nan ta san ruwa. Ni tuƙin jirgi na yi shekara goma sha huɗu tsakanin Malale da Wara kafin gwiwa ta kawo ni gadi Abuja. Jirgin da ya nutse a watan Mayun 2021 yana hanyar Wara daga jihar Neja, mutum fiye da ɗari ke ciki, kaɗan suka fita da rai. Akwai waɗanda na sani a ciki. Lodi ne ke kashe mutane. Ranar kasuwa za ka ga mutane, buhuna, babura, har shanu a jirgi ɗaya, kowa na gudun kada a bar shi ya kwana a gaɓa.

Ga yadda za ka yi, yaro. Kafin ka shiga, dubi gefen jirgi. In tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce tafin hannu ba, ka sauka, ko da an karɓi kuɗinka. Dubi ƙasan jirgin kuma, in yaron jirgi na kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, ka san katako ya gaji. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa tana ta faɗin a sa rigar ruwa a daina tafiyar dare, amma ba kowane tasha za ka samu rigar ba, sayi taka tun daga nan. Za su ce maka ɗan birni matsoraci. Kunyar ta minti biyar ce.

Lokaci kuma, ka bar damina ta wuce, iskar hadari a tafkin nan ba ta sallama. Ruwa biyu muke da shi, farin ruwa na damina da baƙin ruwa mai zuwa daga ƙasar Gini wajen Disamba zuwa Janairu. Lokacin tafki ya cika, kututture ya yi ƙasa. Sai dai hazo, in ya yi kauri mai jirgin kirki ba ya tashi sai rana ta ɗaga.

Baban Sadik, Kado: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa uwargida duka, ta ce a gaida Maman Ilham musamman. Wata ukun dai na fasa. Zan je sati biyu a Janairu da kuɗin kwali goma kacal, in sauka wajen fatoman mutumina kamar yadda Alhaji ya ce. Baba Sarkawa, rigar ruwan nan a ina ake samun ta a Abuja, kuma akwai wadda za ta ɗauki mutum mai kilo casa'in da biyar?