Ibraniyawa 10:26 ta rushe masa tabbacin ceto, yaya zan bayyana masa?

Salama, fastoci da dattawa. Ina koyar da ajin almajiranci a ikkilisiyarmu, kuma batun wani matashi ya cije mini. Ya karɓi Yesu, an yi masa baftisma, amma cacar ƙwallo ta waya ta ƙi sakinsa. Yakan tuba da hawaye, ya goge manhajar, albashi na shiga ya sake sauko da ita. Yanzu ya daina cin Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da muke rabawa don tunawa da mutuwar Yesu), ranar da za a ci ma sai ya sulale kafin a fara rabawa. Ya ce shi ba a taɓa cetonsa ba.

Mun karanta 1 Yohanna 1:9 da Yohanna 10:28-29, mun bi Romawa 7 har zuwa 8:1. Na haɗa shi da dattijo mai bibiyarsa, matarsa ce ke riƙe katin banki. Cacar ta ragu, shakkar kuwa tana nan daram.

Inda muke maƙalewa Ibraniyawa 10:26 ce, wadda ta ce in muka ci gaba da yin zunubi da gangan bayan mun san gaskiya, babu sauran hadaya domin zunubai. Ya ce da gangan yake yi, bayan ya san gaskiya, saboda haka babu sauran hadaya dominsa. Na nuna masa cewa a fahimtata wurin yana magana ne kan masu juya wa Almasihu baya gaba ɗaya, dubi aya 29. Sai ya buɗe mini 1 Yohanna 3:9, inda aka ce wanda yake haifaffe na Allah ba ya yin zunubi. Ba na so in sassauta zunubin, don caca ta riga ta ci kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Daga Nassi, da wace alama zan nuna masa bambancin mai bi da ke faɗuwa yana tashi da wanda Ibraniyawa 10 take nufi?