Kofunan Houston Rockets biyu: na gumi ne ko na aro?

Ɗan Bulls: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke raina, ko da Koci zai ji haushi. Kofunan NBA (gasar ƙwallon kwando ta Amurka) biyu da Houston Rockets ke tutiya da su, na 1994 da na 1995, na aro ne. Chicago Bulls ta ɗauki uku a jere, 1991 zuwa 1993. Michael Jordan ya ajiye ƙwallo a watan Oktoban 1993, Houston ta ɗauki biyu. Ya dawo ya zauna daram, Bulls ta sake ɗaukar uku, 1996 zuwa 1998. Ku duba lissafin da kanku. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Koci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a wace shekara ka ce Jordan ya dawo?

Ɗan Bulls: 1995 mana.

Koci: Wane wata?

Ɗan Bulls: Maris. Na san inda ka dosa, Koci.

Koci: To tunda ka sani, bari in faɗa don masu karatu. Jordan ya dawo a watan Maris na 1995, ya buga wasa 17 kafin a shiga zagayen fitar da gwani, har ya zuba wa New York Knicks maki 55 a gidansu. Ya shiga zagayen da ƙafarsa. Orlando Magic ta Shaquille O'Neal da Penny Hardaway ta fitar da Bulls 4-2 yana cikin fili. Ita wannan Orlando ɗin ce Houston ta haɗu da ita a wasan ƙarshe ta share ta 4-0. A 1995 dai maigidan yana nan, a gabansa aka yi komai.

Ɗan Bulls: Haba Koci. Mutumin da ya shafe fiye da shekara yana wasan besbol? Jikinsa bai dawo ba. Da lamba 45 ma ya dawo, ba 23 ba.

Maman Sadiq: Au, lambar riga ce ke jefa ƙwallo a kwando? Ai ya koma 23 ɗin tun a wasa na biyu da Orlando, kuma duk da haka aka fitar da su. Sama da maki 30 yake ci a kowane wasa idan aka yi matsakaici. Idan wannan ne jikin da bai dawo ba, Allah ya ba mu irinsa.

Injiniya: Ni ina ganin akwai gaskiya kaɗan a maganar Ɗan Bulls, amma ba a inda ya ajiye ta ba. Matsalar Bulls ta 1995 ba Jordan ba ce kaɗai. Horace Grant, wanda ke kwaso musu ƙwallo a ƙarƙashin kwando, ya koma Orlando a 1994, ba su da madadinsa. Sai da suka kawo Dennis Rodman sannan suka ci wasa 72 cikin 82 a kakar 1995-96. Don haka Bulls ɗin da Orlando ta fitar ragaggiya ce. Amma wannan ai ba laifin Houston ba ne, wanda ya zo gabanka shi kake bugawa.

Koci: Madalla, Injiniya. Kuma a duba waɗanda suka zo gaban nasu. A kakar 1994-95 Houston wasa 47 kawai ta ci, ta zo ta shida a rukunin Yamma. Ko a zagaye ɗaya ba ta samu fifikon gida ba. Ta fara da Utah Jazz ta Karl Malone da John Stockton, mai nasara 60, ta fitar da ita. Ta faɗa hannun Phoenix Suns ta Charles Barkley, mai nasara 59, aka yi musu 3-1, kowa ya gama yi musu jana'iza, suka ci uku a jere, Mario Elie ya jefa ta maki uku daga kusurwa a wasa na bakwai a gidan Phoenix. Sannan San Antonio Spurs, mai nasara 62, wadda ta fi kowa a gasar. David Robinson na Spurs ne aka ba kambun gwarzon shekara, Hakeem Olajuwon na Houston ya yi ta juya shi kamar waina a tanda, yana cin sama da maki 35 a kowane wasa. Sai Orlando mai nasara 57. Ƙungiyoyi huɗu, kowace ta fi Houston nasara a kakar. Ba a taɓa samun wadda ta fito daga matsayi na shida ta ɗauki kofi ba kafin su. Wannan ne na aro?

Ɗan Bulls: Wasan farko da Orlando fa? Nick Anderson na Orlando ya zubar da jifa huɗu a jere a daƙiƙun ƙarshe, irin wadda ake ba mutum bayan an yi masa keta, ba mai tare shi. Da guda ɗaya ta shiga, an gama wasan. Sa'a ce.

Maman Sadiq: Shi dai wannan Nick Anderson ɗin shi ne ya ƙwace ƙwallo a hannun Jordan a ƙarshen wasan farko na Bulls da Orlando. A nan ba ka kira shi sa'a ba, cewa ka yi jiki bai dawo ba. Kuma bayan ya zubar, ai sai da Kenny Smith na Houston ya jefa ta maki uku aka tafi ƙarin lokaci, Hakeem ya tura ta ƙarshe. Saura wasa uku kuma wace sa'ar ce ta ci su?

Auta: Yayye, ni ban ga zamanin nan ba, James Harden na tarar a Houston. Tambaya: wai da ma Houston ba ta taɓa yin komai ba kafin Hakeem?

Baba Alhaji: Yaro, ta yi. A San Diego aka kafa ƙungiyar a 1967, ta dawo Houston a 1971. A 1981 Moses Malone ya kai su wasan ƙarshe, alhali a kakar sun sha kashi 42, sun ci 40. Boston Celtics ta doke su 4-2. A 1984 suka zaɓi Hakeem a matsayin na ɗaya cikin sabbin 'yan wasa, shekarar da Bulls ta ɗauki Jordan a na uku. Shekara biyu kacal bayan nan, shi da Ralph Sampson suka fitar da Lakers ta Magic Johnson da Kareem 4-1, suka sake zuwa wasan ƙarshe a 1986, Celtics ta sake tare su. Hakeem ya riga Jordan zuwa wasan ƙarshe da shekara biyar. Masu surutu ba sa son jin wannan.

Ɗan Bulls: Allah ya ƙara girma, Baba, amma ka ba ni makami. Daga 1986 zuwa 1994 ina suka shiga? A 1992 ko zagayen fitar da gwani ba su samu shiga ba. A 1993 Seattle ta fitar da su. A 1996 Seattle ta share su 4-0. A 1997, da Barkley da Clyde Drexler duk a tare da Hakeem, Stockton ya jefa musu ta maki uku ana busa tashi, Utah ta wuce. Sau shida Jordan yana jiran su a wasan ƙarshe, ko sau ɗaya ba su iso ba.

Injiniya: Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, da ita ya kamata ka fara. Amma ka lura da abin da ta nuna. Bulls tana Gabas, Houston tana Yamma. Seattle da Utah ne suka tare Houston, ba Jordan ba. Tafiyar Jordan ba ta sauƙaƙa musu ko wasa ɗaya a Yamma ba. Abin da ta canza shi ne wanda za su tarar a ƙarshe.

Ɗan Bulls: Ai wannan shi ne komai. A 1994 Knicks suka tarar, wadda Jordan ya fitar sau uku a jere. Duk da haka sai da aka kai wasa na bakwai, John Starks na Knicks ya jefa 18, biyu suka shiga. Jordan zai yi haka?

Koci: Ba zai yi ba, wannan kam. Amma a 1994 ka tsaya ka kalli abin da mutum ɗaya, Hakeem, ya yi. Gwarzon shekara, gwarzon tsaro, gwarzon wasan ƙarshe, duka a kaka ɗaya, shi ne na farko da ya haɗa ukun. Babu wani tauraro a gefensa, Drexler sai watan Fabrairun 1995 ya zo. Otis Thorpe, Vernon Maxwell, Kenny Smith, Robert Horry, da Sam Cassell wanda shekararsa ta farko ke nan. Jordan bai taɓa ɗaukar kofi ba tare da Scottie Pippen ba, kuma Pippen ɗin ya ci wasa 55 da Bulls a shekarar da Jordan ba ya nan. Phoenix ta ci Houston wasa biyu na farko a gidan Houston, jaridar garinsu ma ta yi musu ba'a, suka dawo suka fitar da ita. A wasa na shida da Knicks, Starks ya ɗaga zai jefa wadda za ta ba New York kofi, yatsun Hakeem suka taɓa ta. Sannan wa Bulls za ta sa ya tare shi? Bill Cartwright? A shekaru ukun da Bulls ke ɗaukar kofunanta uku na farko, sun haɗu da Houston sau shida, Houston ta ci biyar.

Ɗan Bulls: Wasan tsakiyar kaka daban, wasan kofi daban. Koci ka fi ni sanin wannan.

Koci: Na sani. Amma shi ne kaɗai haɗuwar da aka yi a fili. Sauran duk "da a ce" ne.

Maman Sadiq: Ni abin da ke burge ni da bawan Allahn nan, Hakeem, daban ne. A watan Fabrairun 1995 ana azumi, yana azuminsa, kuma shi aka ba gwarzon wata. Yaron da ya tashi a Legas yana tsaron raga a ƙwallon ƙafa.

Auta: Amma Anti, Amurka ya buga wa a Olamfik ɗin 1996, ba Najeriya ba.

Baba Alhaji: Wannan wata muhawarar ce, Auta, kada ka ɗauke mu daga wannan. Ni dai abin da nake so Ɗan Bulls ya amsa: idan kofin da aka ci ba Jordan na aro ne, na Spurs na 1999 fa, bayan ya sake ajiyewa? Na Lakers na 2000?

Ɗan Bulls: Baba, a 1999 ya haura shekara 35, an watsa ƙungiyar, Pippen ma Houston ɗin ya koma. A 1994 kuwa yana da shekara 31, yana kan ganiyarsa. Ba ɗaya ba ne.

Injiniya: To yanzu mun rage. Ka fara da kofi biyu, ka koma kan na 1994.

Ɗan Bulls: Ban janye komai ba. Na 1995 zan iya yin shiru a kansa saboda Spurs, abin da aka yi wa Robinson na gani a bidiyo. Na 1994 kuwa har gobe.

Auta: Ni dai da Chris Paul bai ji ciwo a cinya ba a 2018, da kofi uku muke magana a kai. Wasa 65 muka ci, muna gaban Golden State 3-2.

Maman Sadiq: Kuka jefa ta maki uku sau 27 a jere a wasa na bakwai ba ta shiga ba. Kai ma ka shigo da taka "da a ce" ɗin?

Koci: Ɗan Bulls, ka kawo min sunan wanda zai tsaya wa Hakeem a Bulls ta 1994. Suna ɗaya kawai. Ina nan bayan Isha.

Ɗan Bulls: Kai kuma ka kawo min wanda zai tsaya wa Jordan. Kada ka ce Maxwell.

Koci: Maxwell zan ce.