Filastar Duhunta Fata: Inda Shawara ta Tsaya

A Ingila da Amurka ana tallata wa Turawa masu son fatarsu ta yi duhu wata filasta da ake liƙawa a jiki, wai tana ƙara sinadarin melanin, wanda ke ba fata launinta. Da aka tattauna kan ko filastar tana da amfani, yawancin waɗanda suka yi magana sun ce babu ƙwaƙƙwarar hujjar tana aiki, kuma ba ta hana ƙunar rana.

An fi jan kunne kan wata hanyar duhunta fata, wato gadajen hasken UV (gadaje masu fitilun da ke fitar da irin hasken rana mai ƙona fata), waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin masu jawo sankara tun 2009. Ni ma nan hankalina ya fi tashi.

Wanda ya nace sai ya duhunta fatarsa, an ce ya shafa man DHA, sinadarin da ke rina saman fata ba tare da rana ba, mai gushewa cikin kamar mako guda, ya kuma haɗa da man kariyar rana mai lambar ƙarfin kariya SPF 30.