Jaridar da ke cin talla za ta iya tona asirin mai ba ta tallar?

Akanta: Ni dai a ganina, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Jaridar da talla ke biyan albashinta ba za ta binciki mai tallar ba. A 2015 Peter Oborne ya ajiye aiki a Daily Telegraph ta Ingila, yana zarginta da danne labaran bankin HSBC don kada tallarsa ta kuɓuce.

Edita: Malam, jaridar ta musanta, kuma misali ɗaya bai isa hukunci ba. Rupert Murdoch ya zuba dala miliyan 125 a Theranos, kamfanin gwajin jini na Amurka, ga shi mai jaridar Wall Street Journal. Shugabar kamfanin, Elizabeth Holmes, ta nemi ya tsayar da binciken da wakilin jaridar, John Carreyrou, ke yi a kan kamfanin, ya ƙi, labarin ya fito a Oktoban 2015. Tsari ke kare labari: sashen talla ba ya ganinsa kafin bugawa, kowane zargi sai da takarda ko majiya biyu da ba su haɗa baki ba, a aika wa kamfani tambayoyi a rubuce da wa'adi, lauya ya bi layi-layi.

Wakiliya: Ranka ya daɗe, wannan duk bayan an rubuta ne. Yawancin labaran tun a taron safe suke mutuwa, a ce "bari tukuna", ba a tura kowa ba, ba kuma shaidar da za ta nuna an danne. Ga sanarwar kamfani da ake kwafewa a sa sunan wakili, da labarin da aka biya kuɗinsa ba a rubuta "talla" a samansa ba. Wannan ya fi ci mini rai, don mai karatu ba shi da hanyar ganewa.

Edita: Gaskiyarki, Malama. Amma ku masu binciken kuɗi fa, ba kamfanin da kuke bincika ke biyanku ba? Jaridar Financial Times ta daɗe tana bin Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Jamus, hukumar BaFin mai sa ido kan harkokin kuɗi a Jamus ta kai ƙarar 'yan jaridar a 2019, EY kuwa, kamfanin da ke binciken asusun Wirecard, ya yi shekaru yana sa hannu.

Akanta: Ban musa ba. Ka'idar ita ce mai bincike ya rubuta wa banki da kansa, amsa ta dawo hannunsa kai tsaye, ba ta hannun kamfani ko amintaccensa ba. Da aka matsa a Yunin 2020, bankuna biyu na Filifin suka ce takardun yuro biliyan 1.9 da Wirecard ya ce suna ajiye a wurinsu na bogi ne. Sai dai ban janye ba: shin Wirecard na cikin manyan masu ba Financial Times talla?