Takardar ECOWAS na shigar da mutum Nijar ta Illela yanzu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Sakkwato, kuma lamarin nan ya tsaya mini a rai.

Akwai ƙungiyar makaɗan jita ta Buzayen Agadas da na shekara shida ina saurare a waya, ban taɓa ganinsu ido da ido ba. Wata mai zuwa za su yi wasa a Yamai, daga nan Maraɗi da Damagaram, kuma na ƙudurta bin su duka ukun. Na canji sefa, katin rigakafin shawara na hannuna. Da na buɗe fasfona sai na tarar ya mutu tun bara, sabo kuwa ba zai fito kafin ranar ba.

Abin da ya rage mini shi ne takardar tafiya ta ECOWAS, da sauran wata takwas a kanta. To amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, nan ne na rikice.

Na je tasha na tambayi direbobin Illela. Ɗaya ya ce in shiga mota kawai, wani ya rantse an sauke fasinjansa a hanyar Doso saboda takarda. Abokina na Birnin Ƙonni ya ce shiga gari ba wuya, shingayen da ke gaba ne bai da tabbas a kansu.

Don Allah, wanda ya bi Illela zuwa Yamai kwanan nan da wannan takarda kaɗai: jami'an Nijar sun karɓa har ƙarshen hanya?